Anko Ɗaya, Zuciya Kowa Da Tasa

Majami'unmu sun cika. Daga Kagoro zuwa Biliri, daga Zuru zuwa Michika, har Maraɗi, in Lahadi ta yi wanda ya makara sai ya tsaya a bakin taga. Ginin laka da jinka ya koma na bulo da kwano, jikokin waɗanda suka koyi baƙi a ajin baftisma yau digiri ne a hannunsu. Duk wannan abin godiya ne, kuma ina godiya. Sai dai akwai abin da muka gada tare da bishara da yake zubewa daga hannunmu ba mu ko waiwaya ba, wato musun kai. Muna rera shi a waƙa, muna jin sa a wa'azin makon Ista, amma a zaman ikkilisiya na yau da kullum son kai ne ke riƙe da akala. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, mun samo wani abu mai kama da musun kai mun sa a gurbinsa. Muna matsa wa mutane su zama iri ɗaya, su yi shiru, su kwaikwayi na gaba, sannan mu kira wannan tawali'u.

Bari in fara daga tushe, domin wanda bai san inda ya dosa ba, ba ya sanin ya ɓata. Littafin Farawa ya gaya mana an halicci mutum cikin surar Allah. A wa'azin kan dutse Ubangiji Yesu bai kafa mana wani ma'auni ba sai Uba na sama da kansa. Atanasiyus, bishop na Iskandariya ta ƙasar Masar daga shekarar 328 zuwa 373, wanda sarakunan Rum suka kora daga kujerarsa har sau biyar, a kan wannan ya gina koyarwarsa: Ɗan Allah ya sauko ya ɗauki irin namu domin ya ɗaga mu, mu sami rabo cikin nasa. Na san maganar tana da nauyi a kunnen Bahaushe, Kirista ne ko Musulmi. Babu mai cewa ɗan Adam zai zama Mahalicci ko ya yi tarayya da Allah a zatinsa. Halitta halitta ce har abada. Hali ake nufi: jinƙan Allah ya zama jinƙanmu, gaskiyarsa ta zauna a bakinmu, yadda yake bi da mai laifi mu ma mu bi da shi haka, har wanda bai taɓa buɗe Littafi ba ya dube mu ya fara gane ko wane irin Uba ne ya haife mu.

Sha'awar zama kamar Allah ba ita ce laifin Adamu da Hawwa'u ba, ai don haka aka halicce su. Hanyar da suka bi ce ta kashe su. Maciji ya nuna musu kamannin Allah abu ne da ake miƙa hannu a fizgo, a ci, a mallaka. Sura ta 2 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa ta nuna mana wanda ya bi ɗaya hanyar. Shi da ɗaukaka take tasa tun fil'azal bai ƙanƙame ta ba, ya sauko ya zama bawa, ya ci gaba da sauka har kan gicciye. Abin da nake so mu lura da shi, Yesu bai ajiye halin Allah a gefe ba ne don ya ɗan yi aikin bawa na wani lokaci. A cikin saukowar nan ce ya nuna mana yadda Allah yake. Mai bayarwa ne tun asali. Yana ba da rana da ruwan sama ga mai godiya da butulu, yana ba da numfashi, daga baya ya ba da kansa. Saboda haka duk wanda yake ta tara wa kansa, kuɗi ne, suna ne, kujera ce, ko da a cikin majami'a yake tarawa, ko da sunan Yesu na bakinsa, sawun Adamu yake bi.

Waɗanda suka kawo mana bishara da iyayenmu da suka fara karɓarta sun san wannan a jikinsu. A Disambar 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ba su ga ko harsashin abin da suka zo kafawa ba. Ba na cewa Turawan mishan mala'iku ne. Akwai masu raina baƙar fata a cikinsu, akwai waɗanda suka ɗauki al'adar ƙasarsu tamkar ita ce bishara, kuma iyayenmu sun ɗanɗana ɗacin wannan. Amma a dubi wuraren da aka zaɓa a yi aiki. A Garkida, inda Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a 1923, ba a daɗe ba aka buɗe mazaunin masu cutar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 aka karɓi irin wannan aiki a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin Galmi a Nijar yana aiki tun 1950, makarantar yara makafi ta Gindiri kuma tun 1953. Su wa ke wanke gyambon nan safe da yamma, a zamanin da ɗan'uwa na jini ke ƙyamar cin abinci kwano ɗaya da majinyacin? Yawancinsu 'yan ƙasa ne, masu ɗaurin miki da masu shara da masu dafa abinci, waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin kowane bango ba.

Ga kuma masu bisharanmu na gida. A 1948 aka kafa ƙungiyar da yau ake kira EMS domin ikkilisiyoyin ƙasa su aiki 'ya'yansu da kuɗin baikonsu. Mutum zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa da fartanya, ya bar ƙauyensu, ya tafi inda ba ya jin harshen mutane. Ya roƙi gona wurin mai gari, ya yi noma da rana, da dare ya kunna aci-bal-bal ya koya wa mutane karatu daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Majami'ar farko gayya ce ke gina ta, maza na kwaɓa laka, mata na ɗebo ruwa, samari na yanko ciyawa. Da aka soma shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, manomi da tela da ɗan makaranta ne ke fita, da ƙafa ko a keke, kowa da guzurinsa. Ba su da abin da muke da shi, amma ɗan abin da ke hannunsu ba su ɗauke shi nasu ba.

To, mu fa? Na halarci bikin gidauniya a wata majami'a, ana neman kuɗin gini. An jera kujerun kushin a gaba domin manyan baƙi, sauran jama'a suna kan benci. Ana cikin wa'azi sai aka ji jiniya a waje, mai wa'azi ya tsaya, duk muka miƙe, aka shigo da babban baƙo da 'yan rakiyarsa, aka tashi wasu dattawa biyu daga wurin zamansu domin a sama wa masu riƙe masa jaka wuri. Da lokacin bayarwa ya yi, mai gabatarwa ya riƙa kiran suna yana faɗin adadi, kowane adadi da irin tafinsa. Babban baƙo ya yi alkawarin miliyoyi, aka buga ganga, mata suka rangaɗa guɗa. Ana cikin haka wata tsohuwa ta taso daga baya da kwanon gyaɗa a ka, ta rufe shi da tsumma mai tsabta, tana tafiya a hankali saboda gwiwa. Ba ta kai tsakiya ba wani yaro cikin masu tsaron ƙofa ya tare ta, ya raɗa mata wani abu a kunne, ya karɓi kwanon ya ajiye bayan ƙofa kusa da tsintsiya. Ta tsaya ta dubi kwanon, ta gyara ɗankwalinta, ta koma wurin zamanta. Ba a kira sunanta ba. Shekara ta zagayo, ma'ajin ikkilisiyar ya gaya mini miliyoyin nan ko kwabo bai shigo ba. Gyaɗar kuwa an sayar da ita tun a makon, an sayi siminti.

Yaron nan ban ga laifinsa ba, abin da ya ga manya suna yi ne ya yi. Mu ne muka koya masa. Muna karanta labarin gwauruwar da Yesu ya yaba a haikali saboda 'yan anininta biyu, muna karanta gargaɗin Yaƙub a kan ba mai zoben zinariya wuri mai kyau a bar matalauci tsaye, muna karanta umarnin a yi sadaka a ɓoye, sai mu rufe Littafin mu tsara bikin da ya saɓa wa dukansu uku a rana ɗaya, a gaban bagade. Wai in ba a kira suna ba mutane ba za su bayar ba. In haka ne, to, mun shaidi kanmu da bakinmu cewa tafi muke saye.

Koyarwar shuka iri ita ce ta zo ta ƙarasa mu. Ta taso daga wasu masu wa'azin Amurka, ta biyo talabijin da kaset, yau ta iso har majami'un ƙauye da bakin Hausa. Ka shuka dubu ka girbi dubu ɗari, ka ba bawan Allah domin ƙofarka ta buɗe. A ido bayarwa ce, har mutum ya sayar da akuyarsa. Amma bayarwar da ake yi da lissafin riba ciniki ce, kuma wanda ya saba da ita yakan fito ya fi da son kansa, domin yanzu har Allah ya mai da shi hanyar samu. Siman mai sihiri na Samariya ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, kuma mun san amsar da Bitrus ya ba shi ba ta da daɗin ji. Ikkilisiyoyin Makidoniya, da suke cikin tsananin talauci, roƙon Bulus suka yi ya bar su su sa hannu cikin gudummawar matalautan Urushalima, mutanen da ba su taɓa gani ba, ba su kuma sa ran komai daga gare su ba. A gwada wannan da addu'o'inmu na dare: maƙiyina ya faɗi, kasuwata ta buɗe, bizata ta fito, a ɗaga ni sama da tsarana. Sai a kwana ana ihu ba a ambaci maƙwabci ba sai in ana zarginsa da maita.

Shugabanni, iyayena, ku gafarce ni, maganar ta biyo ta kanku. Allunan tallan taron farkawa sun cika mahaɗar hanyoyi, fuskar mai wa'azi ta cinye allon, sunan Yesu sai an matso kusa. Lakabi ya yi yawa har in an manta da ɗaya wajen gabatarwa sai rai ya ɓaci. Ana tara kuɗin mota ga wanda ya riga yana da mota, mai bisharan da ke bakin daji kuwa yana bin ikkilisiya bashin alawus na watanni, 'ya'yansa an koro su daga makaranta. In za a yi sauyin wurin aiki, kowa na neman hanyar da za a kai shi birni inda baiko ke da kauri, ƙauye ya zama wurin horon wanda ya yi laifi. Lokacin zaɓen shugabannin gunduma kuwa sai son kai ya sa rigar ƙabila: namu ne, lokacinmu ne, su sun ci nasu. Bahaushen da ya karɓi Almasihu, danginsa suka kore shi, ya shigo majami'ar da ake sujada da harshen uwarsa, sai ya tarar ana yi masa kallon baƙo, ana tsoron ba shi 'ya. Wa zai gaya masa wannan jikin Almasihu ne?

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba, kuma a nan nake so in daɗe. Ikkilisiyar da ta rasa musun kai na gaskiya ba ta daina wa'azinsa, sai dai ta juya shi ga marasa ƙarfi. Na ga yarinya a nazarin Littafi ta ɗaga hannu ta tambayi abin da ya sa aka fassara wata aya haka, alhali ayar da ke gaba da ita kamar tana faɗin wani abu dabam. Tambaya ce mai kyau, ta wanda ya karanta da hankalinsa. Mai koyarwa ya ce mata ilimin boko ya sa mata girman kai, ta koyi ƙasƙantar da kai. Sauran suka yi dariya, ta sunkuyar da kai, ban sake jin muryarta a ajin ba. Haka matar da ta zo da kumburarren ido, sai a zaunar da ita a ce, "Mama, ki yi haƙuri, gicciyenki ne," mijin kuwa ba a kira shi ba domin yana cikin masu ba da zakka mai kauri. Haka saurayin da Allah ya yi shi mai sanyin hali, mai iya zama da marar lafiya awa uku ba ya gajiya, sai a sa shi ya ji ba shi da Ruhu domin ba ya ihu in yana addu'a. Ƙananan masu wa'azi kuma sun koma kwafin manya, murya ɗaya, shaƙewar maƙogwaro ɗaya, goge gumi iri ɗaya, har ka rufe ido ba za ka san wanda ke magana ba.

Wannan ba shi ne abin da Yesu ya ce a kashe ba. Abin kashewa shi ne kwaɗayin nan da ke cewa komai ya zagayo wurina, da fushin da ke tashi in an yabi wani, da rowa, da riƙon zuciya. Abin rayawa shi ne mutumin da Allah ya ƙera da hannunsa, da irin hankalinsa da muryarsa da baiwarsa da harshen uwarsa, wanda ba a taɓa yin irinsa ba kuma ba za a sake ba. Mu kuwa mun juya lissafin. Muna ɗinka anko, muna tafi lokaci ɗaya, muna amsa amin da murya ɗaya, amma in an taɓa aljihu ko kujera sai ka ga zuciya kowa da tasa. Ba zanen zumunta nake zargi ba, kada a ji ni ba daidai ba. Matan zumunta su ne suka fi kowa riƙe abin da ya rage mana. Su ne a gidan makoki tun asuba da itace da tukunya, su ne a asibiti da kunu a fulas. Abin da nake zargi shi ne mu ɗauka kamannin waje ya isa ya tsaya a madadin zuciyar da ta daina neman nata.

Ku dubi Allahn da muke cewa muna so mu yi kama da shi. Bangaskiyar da ikkilisiya ta shaida a Nikiya a 325 da Kustantiniya a 381 ita ce Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Uba yana ɗaukaka Ɗa, Ɗa yana miƙa komai ga Uba, Ruhu yana nuna Ɗa ba ya nuna kansa. Babu mai riƙe wani abu don kansa, duk da haka Uba bai zama Ɗa ba, Ɗa bai narke ya zama Ruhu ba. Cikakkiyar bayarwa da cikakken bambanci suna zaune tare tun kafin a kafa duniya. In haka Mahaliccinmu yake, to, mutumin da ya ba da kansa ba ɓacewa yake yi ba, a lokacin ne ainihinsa ke fitowa fili. Son kai ne ke mai da mutane iri ɗaya. Marowata duk halinsu ɗaya, masu neman suna duk maganarsu ɗaya, a Kano kake ko a Landan. Amma dubi waɗanda suka bi Yesu. Bitrus mai gaggawa ya mutu yana Bitrus, sai dai gaggawarsa ta koma ƙarfin hali. Toma mai tambaya ba a kore shi don ya tambaya ba, an nuna masa hannuwa. Marta da Maryamu gida ɗaya, hali biyu, kuma Yohanna ya shaida Yesu yana ƙaunar su duka. Bisharar ma huɗu aka ba mu, Markus mai sauri, Luka mai bin diddigi, ba a ce su haɗu su daidaita murya ba. Da Bitrus ya waiwaya a bakin tekun Galili yana tambayar abin da zai sami Yohanna, Ubangiji ya nuna masa wannan ba ruwansa, shi dai ya bi. In matan zumunta suna waƙa, tulu na ba da tasa murya, kuge na ba da tasa, ganga na ba da tata. Kowanne yana bin waƙar, ba mai neman danne wani, amma ranar da kuge ya ce zai yi ƙarar tulu, waƙar ce ta yi asara.

Akwai abu ɗaya a labarin wankin ƙafa, a sura ta 13 ta Yohanna, da muke tsallakewa. Kafin a ce Yesu ya tashi ya ɗaura tawul, marubucin ya fara gaya mana cewa ya san ko shi wane ne, ya san inda ya fito da inda za shi, ya san an danƙa komai a hannunsa. Da wannan sanin ya durƙusa. Almajiran ba wanda ya iya taɓa kwaryar ruwan, domin kowannensu yana tsoron in ya sunkuya matsayinsa zai ragu, kuma Luka ya nuna a daren ma gardamar wane ne babba suke yi. Wanda bai tabbata da darajarsa a wurin Allah ba, ba ya iya hidima, sai dai a tilasta shi ko ya yi don a gani. Shi ya sa ikkilisiyar da ke murƙushe mutane ba ta samun bayi masu farin ciki. Matsorata take samu, da masu jiran ranar da su ma za su hau su taka na ƙasa. Ba a ba da abin da ba a mallaka ba. Yesu da kansa ya nuna ba ƙwace ransa aka yi ba, shi ne ya bayar. Bulus, wanda ya yi ta ɗinkin tanti da hannunsa a Koranti tare da Akila da Biriskila don kada ya nauyaya wa kowa, shi ne kuma ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu. Musun kai bai hana shi sanin haƙƙinsa ba. Don haka matar nan mai kumburarren ido, kare ta ne aikin ikkilisiya, da kiran mijin gaban dattawa, da kai magana gaban hukuma in ta kama. Gicciye ɗauka ake yi da yardar rai saboda Almasihu, ba a ɗora wa wani shi don a rufe bakinsa.

Ban ce wutar musun kai ta mutu ba. A 2014, da Boko Haram ta ci Mubi da Michika da Madagali, har hedkwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi, gidaje a Yola da Jos sun buɗe ƙofa, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali uku, ba wanda ya kira mai hoto. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin Katolika na Yola ga dubban 'yan gudun hijira, daga baya kuma da aka gina musu gidaje, aka gina coci aka gina masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, wani dattijo limamin masallaci, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, galibinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga masu bindiga. Yesu ya taɓa ɗauko Basamariye, mutumin da masu sauraronsa ba sa haɗa hanya da shi, ya kafa musu shi abin koyi. Ina ganin in muka ji labarin dattijon nan, bayan godiya, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa ko ƙofarsa za ta buɗe in an juya lamarin. Ikkilisiyar farko da wannan aka san ta. A annobar da ta auka wa daular Rum wajen shekara ta 250, Kifriyanus bishop na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya gargaɗi mutanensa su yi jinyar har waɗanda ke tsananta musu, a lokacin da wasu ke jefar da 'yan'uwansu a titi su gudu.

Abin da ke damuna shi ne, sai bala'i ya faɗo muke tuna ko mu su wane ne. In ƙura ta lafa sai mu koma kiran suna da faɗin adadi. Hali kuwa a ranakun da ba abin da ya faru ake gina shi, wajen rabon gado, wajen layin rijiyar burtsatse, wajen biyan ɗan aiki haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, wajen yin shiru a bar ƙarami ya gama maganarsa. Iyaye, yaron da Allah ya ba hannun gyaran inji kada a tilasta shi ya zama likita don a yi alfahari da shi a zumunta. Wannan ma son kai ne, ko da an kira shi tarbiyya. A taimake shi ya zama abin da aka halicce shi ya zama, sannan a koya masa ya gyara injin niƙan gwauruwa ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Malaman makarantar Lahadi, in yaro ya yi tambayar da ba ku da amsarta, ku ce masa ku je ku bincika tare. Matasa masu sha'awar wa'azi, Dauda ya gwada sulken Saul ya ga ba ya iya tafiya da shi, ya tuɓe ya ɗauki majajjawarsa. Ku yi magana da muryar da aka ba ku, ku kuma yarda a aike ku inda babu wutar lantarki.

Ku kuma dattawan ikkilisiya, iyayenmu, gyaran nan a hannunku yake, kuma ba ya bukatar izini daga hedkwata. A bikin godiyar kaka mai zuwa a ajiye akwati ɗaya da buhu ɗaya, kowa ya kawo nasa, kada a kira suna kada a faɗi adadi, ko da abin da za a samu zai ragu a shekarar farko. Babban baƙo in ya makara ya zauna inda ya sami wuri, wa'azi ya ci gaba. A zamanku na majalisa kuma, kafin a buɗe maganar fenti ko tayil, a tambayi ma'aji wata nawa mai bisharanmu na ƙauye yake bin mu, a kuma biya shi a ranar.